A maido mani farin yadin Alhaji

Rabi matar ɗana ce ke rubuta mani wannan, ni ban iya ba.

Jiya ta nuna mani hoton taron mawaƙa a wayarta. Na ce tsaya, alamar nan ta bayansu, alƙalami da zangarniyar dawa, ai ni na fara ɗinka ta.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo, maigidana ya je Makka ya dawo da farin yadi, an wanke da zamzam, ya ajiye na likkafaninshi. Sai shi da abokanshi masu rubuta waƙa na Kankara da Faskari da Sabuwa suka shirya taro, ba su da tuta. Ya ɗauko yadin ya miƙo mani da zare.

Na ce, "Alhaji, likkafaninka ne fa."

Ya ce, "Hajiya, mutuwa ba ta faɗi ranarta ba, taro kuwa ran Asabar ne."

Na ɗinka har idona ya yi ja. Aka tashi taro, ɗaya daga cikinsu, Malam Iro na Mairuwa, ya naɗe tutar ya tafi da ita. Da Alhaji ya rasu, yadin kasuwa muka sa mashi.

Yanzu ni ma na gaji, ina son yadin nan ya zama nawa likkafanin. Malam Iro ba ya duniya, wanda ya san 'ya'yanshi ya rubuta a ƙasa, Rabi za ta karanta mani. Alamar na bar wa mawaƙa. Yadin kuwa 'ya'yan su kawo, ni na ɗinka, ni zan warware.