Ƙaron shagon Baba

Jiya na tarar da Nanret, 'yar ajinmu, a shagon wankin hular Baba a Anguwan Rogo, yana ɗaure mata ƙaro, ɗankon itacen da yake ƙandarar da huluna da shi, a leda.

Ita ta karɓi binciken da na ƙi: lulluɓe bitamin da ƙaro don kada zafin girki ya lalata shi. Ni malaminmu ya fara ba, na ce jami'a na zo, ba wankin hula ba. Yanzu an gayyace ta ƙasar waje ta yi bayani.

Baba sai fara'a yake yi, har "'yata" yake ce mata. Ya juyo gare ni: "Ashe ƙaron nan ilimi ne. Ke ba a koya miki ba?"

Na ce, "Fanninmu daban, Baba."

Ƙarya na yi masa. Ku gaya min gaskiya, abin da ke cin raina hassada ce ko nadama?