Ranar da Na Taka wa Surukina Birki

Wata goma sha ɗaya na yi a gidan mijina, a wani ƙauye kusa da Tajaye, ba mu haɗa kalma biyar da surukina ba. In na hango shi sai in durƙusa in gaishe da ƙasa, shi kuma ya amsa wa katanga. Kunya ce, haka ake yi, na sani. Amma ni 'yar Birnin Konni ce mai bakin tsiya, na yi lakwal, wato boko, shiru kuwa ciwo yake zame mini. Sai na ƙulla a raina cewa tsohon nan ba ya ƙaunata, ɗansa ya kwaso masa 'yar birni mai surutu. Abin ya dame ni ƙwarai, har kuka na sha yi a bayan rumbu.

Motar gidan dai yana ƙaunarta, wannan ba gardama. Tsohuwar bashe ce mai tamfol a baya, shi ya tuƙa ta shekara da shekaru kafin ciwon baya ya sa ya miƙa wa mijina makulli.

Bayan damina cikina ya tsufa, aka sa ranar da za a kai ni gidanmu goyon ciki. Ana gobe tafiya ranar kasuwa ce, maza duk sun watse, har da mijina. Da hantsi sai ga surukata a ƙofar ɗakina tana ƙunshe dariya. Wai in fito, tsoho na neman mai ƙafa.

Na tarar da shi ya buɗe gaban mota, da kofin shayi biyu a hannu. Ɗaya ya ɗebo man birkin motar a ciki, baƙi wuluk. Ɗayan sabon mai ne, garau. Ya juya wa matarsa fuska, ni ya ba ni ƙeya.

"Hwaɗa mata, man birki shayi na. Sabo, kalan shayi na ukku. In ya koma kalan na hwari, a zubas. Raɓa shika sha sannu sannu, damana biyu ta ishe shi. In an ɗau gangare ya yi zahi, sai ruwan ya tahwasa, ka taka birki ƙahwa ta tai ƙasa, mota na ta tahiyatta."

Surukata ta maimaita mini, kamar ba a gabana aka faɗa ba.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya taka birki sau uku ya danne, ya ce ya riƙe. Na ƙasa ya kwance 'yar ƙusa a bayan taya, tsohon mai ya fita, ya ɗaure, sannan a saki. Surukata ta rantse ba ta shiga, kada mota ta tashi da ita. Ni ce na shige da ƙyar, cikina na gogar sitiyari. Shi kuma ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashi, ina jin nishinsa.

Aka naɗa surukata tafinta. In na raɗa mata na riƙe, sai ta leƙa ƙasa ta isar. Taya ɗaya muka yi lafiya. A ta biyu akuya ta shiga gero a tsakar gida, surukata ta daka mata tsawa, "Saki!" Ni kuwa na saki. Iska ta shige, birki ya zama kamar na taka tuwo.

Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mota.

"Ke tai ki ji da akuyakki. Ɗiyag ga na da baki, kullum ina jin ta ta katanga."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na taka, na danne, na ce can cikin maƙogwaro, "Na riƙe."

"Mi?"

"Baba, na riƙe!"

Kaji suka watse. Sai na ji motar tana rawa, ashe dariya yake yi har yana tari. Ni ma na fashe. Daga nan muka kama, taka, riƙe, saki, yana zagaya tayoyi yana ƙara mai, har ya ba ni labarin wani direba da ya zuba ruwan sabulu a birki a hanyar Malbaza, ya iso tasha yana kumfa.

Da man ya fito garau a taya ta ƙarshe, ya jawo jiki ya fito, ya kasa miƙewa sai da ya dafa ƙofa. Mijina ya dawo daidai lokacin, ya ga kofuna, ya ɓata rai.

"Haba Baba, da bayanka? Birkin ga hwa kamawa shikai. Jiya albasa buhu nawa na kai Konni da shi."

Tsohon ya goge hannu da tsumma, bai ko dubi inda nake ba.

"Albasa ce kak kai. Gobe ɗiyata ka shiga."

Na kifa kai a kan sitiyari ina kuka, ban san goshina ya danne oda ba, sai da maƙwabta suka fara leƙowa.