Firam ɗin Malam Nu'umanu

Shekara talatin da wani abu Ɗanmaliki yana aikin kafinta a bakin kasuwar Tambuwal. Haifaffen Jabo ne, kuma a can ya yi karatun allo tare da Nu'umanu, ɗan makwabtansu. Tsofaffin garin sun shaida cewa Ɗanmaliki ya fi kaifin kai. Sai dai mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara goma sha uku, aka kai shi koyon sana'a wurin kawunsa. Nu'umanu kuwa ya ci gaba, ya haɗa na Muhammadiyya da na boko, ya yi hedimasta har ya yi ritaya.

Akwai wani ɗan coci a bayan gari, na mutanen Zuru da ma'aikatan da aka turo daga nesa. Ƙofofinsa da tagoginsa duk aikin Ɗanmaliki ne, ba su taɓa neman wani kafinta ba. Wata ranar Talata fastonsu ya zo shago da hotuna biyar a ambulan. Ya ce za su yi taron karrama waɗanda suka yi musu hidimar addini da ta ilimi, suna son firam mai kyau.

Ɗanmaliki ya yi ta dubawa. Tsofaffin fastoci uku, da wata dattijuwa da ta koya wa matansu karatu. Da ya zo kan na biyar sai hannunsa ya tsaya.

"Wanga ai Nu'umanu na. Mi ya kai shi cikinku?"

Fasto ya ce, "Malam ya koyar da 'ya'yanmu bai bambanta su da kowa ba. Kuma shekarar da aka so a tashe mu daga filin nan, shi ya tsaya gaban dattawa ya karanto musu haƙƙin maƙwabci."

Ɗanmaliki ya ce to. Ranar nan ko tuwon da aka kawo masa daga gida bai taɓa ba.

Huɗu ya yi su da katakon maɗaci, ya goge har suna sheƙi. Na biyar kuwa ya tsinto ragowar wani ɗanyen katako mara daraja, ya shafe shi da fenti mai duhu yadda ba mai ganewa. Matarsa Tambaya ta biyo ta shagon za ta unguwa, ta ɗaga shi ta ji ba nauyi.

Ta ce, "Malam, shi wanga mi yay yi maka?"

"Ba abin da yay yi min. Allah dai ya ba shi, ni ya hana ni."

Ranar taro ya je ya tsaya daga wajen rumfa. Ya ga an kira Nu'umanu, an tafa, mata suna guɗa. Nu'umanu ya yi godiya ga malamansa da iyayensa, ya zauna. Ɗanmaliki ya jira ko a ambaci wanda ya yi firam, ba a ambata ba. Ya hau babur ɗinsa ya koma gida tun ba a raba shinkafa ba.

Da damina ta sauka katakon ya sha laima, ya karkace, gilashin ya tsage. Fasto ya dawo da shi a leda, yana ba da haƙuri kamar laifinsa ne. Abin da ya fi ƙona ran Ɗanmaliki shi ne jin wani mai gyaran rediyo yana cewa hannun tsoho ya fara rawa. Ya saro sabon maɗaci, ya kwana uku yana aikin, ya fito da firam ɗin da ya fi sauran huɗun kyau.

Yana cikin buga ƙusar ƙarshe Nu'umanu ya shigo da sandarsa, ya zauna a kan kututture. Ya karɓi firam ɗin ya daɗe yana shafawa.

"Wallahi ka fi ni hannu, Ɗanmaliki. Ni ko kujera ban iya gyarawa."

Ɗanmaliki ya ƙwace abinsa ya ci gaba da gogewa da tsumma.

Ya ce, "Hoton ma na shekara ashirin baya ka ba su, sad da kana da haƙora."

Nu'umanu ya yi dariya har da tari. Ɗanmaliki bai yi ba.