Minsharin 'Yata

Shekararta huɗu lokacin da ƙorafi ya fara zuwa mini ta ko'ina. 'Yata ta biyu ce. Malamar makarantarsu ta ce ba ta zama wuri ɗaya, har ta ciji wata yarinya a hannu. A Islamiyya kuma sai ta kifa kai a kan allo, a tashe ta, ta fashe da kuka. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi tofi a ruwa na shafa mata. Ranar da na dake ta, ɗaki na shiga ni ma na yi nawa kukan.

Minshari kuwa tun tana goye take yi. Dariya muke, mu ce na babanta ta gado. Shi lokacin ya samu aiki a Abuja, yana kwana a Mararaba, sai Juma'a yake dawowa Keffi. Ni da mahaifiyarsa, Hajiya, muke gidan.

Hajiya ce ta yanke hukunci. Ta ce beli ne ya yi tsawo, tunda na hana a cire mata tana jaririya. Ta aika wa wanzami ya zo ranar Alhamis da safe. Tun daga nan na rasa sukuni. In tuna askarsa, in dubi ɗan bakin yarinyar.

Ranar Laraba bayan azahar maƙwabciyata, wata nas 'yar ƙabilar Mada, ta shigo in yi mata kitso. Yarinyar na barci a tabarma, tana ta minshari.

"Maman yara, haka take yi kullum?"

"Ai gado ne."

"Wane irin gado! Ajiye tsinken nan, zo ki saurara."

Muka durƙusa. Baki a buɗe, wuya a miƙe baya, goshi duk zufa. Can sai minsharin ya tsaya cak. Ƙirjinta na ɗagawa, amma iska ba ta shiga. Na fara salati. Sai ta zabura, ta shaƙi numfashi da ƙarfi, ta juya.

"Wannan ba barci take ba, kokawa take," in ji nas. "Ke ma a hana ki barci mu ga ko ba za ki ciji mutum ba. Likita za ku kai ta, wataƙila nama ne ya toshe bayan hanci. Kar ku bari a sa mata wuƙa."

Ban taɓa musa wa Hajiya magana a gabanta ba, kuma ran nan ma ban yi ba. Na je ƙofar ɗakinta na durƙusa.

"Hajiya, don Allah ki zo ki duba mini jikarki."

Ta zo da carbinta ta zauna. Sau uku numfashin yana ɗaukewa a gabanta. A na ukun ita ce ta kai hannu ta girgiza yarinyar. Ta tashi ta koma ɗaki.

Da safe wanzami ya yi sallama. Na tsaya a tsakar gida. Hajiya ta fito da mayafinta, ta miƙa masa goro, ta ba shi haƙuri.

Sannan ta juyo gare ni. "Kin tsaya kina kallona? Ɗauko katin asibiti. Ni zan goya ta."