Sawuna a Tsakar Gidan Inna

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Tsarnawa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta kallon fuskata idan da mutane, in ma babu kowa sai ta sami abin kallo a jikin bango. Da aka yaye ni, kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, ita ta raine ni, ita ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, bayan ta yi faɗa da rabin dangi. Idan Inna na da magana da ni, sai ta bi ta kan ƙanwata: "Ki ce ma waccan ga tuwo nan." Ni ce waccan. Na girma, na zama malamar makaranta a Malbaza, na auri soja, na haihu, ban tashi daga waccan ba. Mutane suna cewa kunya ce, abin yabo ne. Ni kuwa abin yana ci mini rai, kuma ba a halicce ni da iya ɓoye fushi ba.

Ciwon ya zo mini a sace. Da farko takalmi ne yake fita daga ƙafata ta hagu a gaban allo, ban sani ba sai yara sun fara dariya. Daga baya na riƙa jin kamar an ɗaura mini ɗamara a ƙasan haƙarƙari an ja da ƙarfi. Aka ce sanyi ne. Wanzami ya kafa mini ƙaho a baya har sai da bayan ya zama abin kallo, ban ga komai ba sai tabo. Ranar da na tashi daga kujera a cikin aji ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na ce tatsuniyar sanyi ta ishe ni, a kai ni Konni.

Likitan Konni bai ɓata lokaci ba. Ya buga mini gwiwa da 'yar guduma, ƙafar ta yi tsalle ita kaɗai. Ya ja makullin motarsa a tafin ƙafata, babban yatsa ya ɗaga sama. Ya ce matsalar ba a ƙafa take ba, tana can cikin baya, kuma sai a Yamai za a iya ɗaukar hoton da zai nuna ta.

Sai maganar wanda zai yi jinya ta taso. Maigidana yana bakin aiki can arewa, ba a ba shi izini ba. Kakata ta rasu. Ƙanwata tana jego. Dangi suka zauna suna kallon juna, can sai Inna ta yafa mayafi ta ce da babana: "In babu kowa, ni in tahi." Ba ta dube ni ba. Muka shiga babbar mota, ta zauna a kujerar bayana. Tun daga Konni har Dosso ba ta ce mini uffan ba, amma duk inda mota ta faɗa rami sai in ji hannu ya tare mini kafaɗa ya janye da sauri.

A Yamai aka tura ni cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa. Likitan da ke aikin ƙwaƙwalwa da baya, wani siririn mutum mai furfura wanda ya iya Hausa, ya ɗora hoton a kan fitila ya nuna mana. Wani ƙari ne, bai fi dabino ba, ya fito a cikin ƙashin baya yana danne laka, wato jijiyar da ke kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Ya ce irinsa ba ya da yawa, kuma ga alama ba mai yaɗuwa ba ne. Zai buɗe bayan, ya cire ɗan ƙashi, ya ɓamɓare ƙarin a hankali yana kallo ta madubi mai ƙara girma. Na tambaye shi kai tsaye ko zan sake tsayawa a gaban allo. Ya ce cire ƙarin aikinsa ne, amma dawowar ƙafa ta dogara da yadda lakar ta daɗe a danne. Sai ya tambaye ni yaushe abin ya fara.

Na ce da damina.

Inna tana zaune a bakin ƙofa ta juya mana gefe. Sai na ji ta ce, da likitan take, ba da ni ba: "Lokotoro, ba da damina ba ne. Tun kakar bara da anka yanke hatsi ƙahwar hagu take ja."

Likitan ya ce yaya aka yi ta sani. Ta ce duk ranar da za ni gida takan share tsakar gida tun da safe ta yayyafa ruwa. In na zo na tafi, sai ta fita ta dubi sawuna kafin yara su tattake. Haka take yi tun ina ƙarama. "To, waccan kaka sai na ga layi bayan sawun hagu, kamar an ja kara."

Wallahi a take raina ya ɓaci. Na manta da likita, na manta da baƙon wuri. Na ce: "Inna, kin gani tun kaka, ba ki hwaɗa mini ba? Ƙahwata ta, ba ƙwaryar hura ba!" Ta ce, tana kallon bango, ai ta aika mini saƙo. Sai na tuna. Ƙanwata ta taɓa kirana a waya tana dariya, wai Inna ta ce takalmin waccan bai yi mata daidai ba, a duba. Ni kuma na je kasuwa na sayi sabon takalmi. Iyakar abin da kunya ta bar Inna ta faɗa ke nan, iyakar abin da ya iso gare ni kuma ke nan. Na yi kuka a ofishin nan, kukan haushi, na ce in ƙafar nan ta tafi to kunya ce ta ci ta. Likitan ya bar ni na gama, sannan ya ce tunda har yanzu ina jin tsinin allura a wasu wurare, akwai abin da za a ceto, amma kada a ƙara jira.

Ban ji tsoron aikin ba, ko kaɗan. Ni dai a cire mini abin nan da ya zauna a bayana ba gayyata. Da na farka ina kwance, bayana yana zafi kamar an ɗora garwashi, ƙafafuna kuwa kamar na wata. Likitan ya ce ƙarin ya fita duka. Ya kuma ba mai jinya aiki: safe da yamma ta murza ƙafafun, ta lanƙwasa su, ta matsa kowane yatsa ta tambaye ni ko na ji, don a san inda aka kwana.

Murzawa dai Inna ta yi ta, har fiye da yadda aka ce. Tambayar ce ta gagara. A gadon kusa da ni akwai wata tsohuwa da 'yarta ke jinya, ita 'yar tata matar wani jandarma ce, Bazabarma mai son raha. Sai Inna ta matsa yatsana ta juya wajenta: "Ɗiyata, tambaye ta ko ta ji." Matar ta kwashe da dariya ta ce: "Madam, wai kin ji?" Ni kuma in ce: "Ki ce mata ban ji ba." Mu uku a kan yatsa ɗaya, kullum. Har masu shara sun san wasan, suna tsayawa kallo.

Da aka sallami tsohuwar, gadon ya zama wayam. Washegari da hantsi Inna ta zauna a ƙarshen gadona ta ɗauki ƙafar hagu ta ɗora a cinyarta. Ta murza, ta lanƙwasa, ta matsa babban yatsa. Ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu, babu wanda za a aika. Ni kuwa na yi shiru da gangan, na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan. A gaskiya na ji wani abu, can nesa, kamar tafiyar tururuwa, amma na danne. Ta sake matsawa. Sannan ta ɗago ta dube ni cikin ido. Ban taɓa sanin idonta na hagu yana da ɗan fari a gefe ba sai ranar.

"Kin ji?"

Na ce: "Na ji, Inna."

Ta ce: "Da gaske?" Na ce da gaske. Na tattara duk ƙarfin da ke jikina na tura ƙasa, yatsan ya ɗan motsa a cikin hannunta. Ta riƙe shi gam, ta sunkuyar da kai tana hamdala, hawayenta yana ɗiga a ƙafata. Shi ma na ji shi, da ɗuminsa.

Sauran aiki ne, kuma ni ba na tsoron aiki. Na koyi zama, na koyi tsayuwa a tsakanin ƙarafa biyu, na koyi taku da sanda ina zagin ƙafar hagu kamar ɗalibin da ya ƙi karatu. Kafin a sake yanke gero na koma aji. Ina dogara sanda, amma a tsaye nake rubutu, kuma takalmina yana ƙafata.

Na ɗauka bayan Yamai an gama da zancen waccan. Ina! Ranar da na fara zuwa Tsarnawa da ƙafata, na tarar an share tsakar gida fes, an yayyafa ruwa, an kore yara da awaki waje. Na taka daga zaure har inuwar rumfa na zauna. Inna ta amsa gaisuwata tana kallon turmi. Can ta tashi kamar za ta ɗauko wani abu, ta bi sawun tana dubawa har bakin zaure, ta dawo. Ta ce da ƙanwata: "Ki ce ma waccan layin ya ɓace, amma diddigen hagu bai zauna sosai ba."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa. Na ce da ƙanwata ta gaya mata na ji. Na ɗauki sandata na koma bakin zaure, na sake takowa a hankali ta inda ba a taka ba, ina danna diddigen da kyau, don ta sami abin dubawa idan na tafi.