Rabin Maganin Inna Hajo

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyata da ta raine ni a Nahuce, amma har yau in na ga kafso mai ja da baƙi sai in kau da kai.

Inna ba ta iya cin abu ita kaɗai ba. Goro ɗaya sai ta fasa shi huɗu. Muna yi mata tsiya cewa ko zazzaɓi ta samu sai ta ɗiba wa maƙwabta, ita kuwa ta yi dariya ta ce alheri gadon barci ne.

Da kakar shekarar da ta rasu kututturen dawa ya soke ta a ƙafa. Ƙafar ta kumbura, ta soma ruwa. Na kawo ta asibiti a Gusau, likita ya rubuta mata kafson, maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin mai faɗin aiki da ke kama cututtuka iri-iri. Inna ta raɗa masa suna komai-da-ruwanka. Likita ya ja mata kunne cewa ta shanye shi tas, ko da ta ji garau.

Muka koma Nahuce, ta sha rabi, kumburi ya sace. Ana haka Malam Garba ya iso, wani mai awon hatsi daga Tsafe da ke sauka a zaurenmu. Tari ya ci ƙarfinsa, numfashi ma da ƙyar. Inna ta juye masa sauran a tafin hannu. Da matata ta yi magana, sai ta ce, "Ƙafa ta warke, mi yar rage? Bawan Allah na mutuwa ƙofar gidana, ni in zauna ina haɗiyar magani?"

Ashe an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ciwon ya dawo da zafin jiki da rawar ɗari. Kafin mu sake isa Gusau ya shiga jini, maganin da ya yi aiki jiya ya ƙi ci. A can ta cika.

Malam Garba kuwa ya tashi sarai. Ko maganin ne, ko dama tarin mai wucewa ne, Allah masani. Shi dai bai san rabin wa ya sha ba, ya ɗauka ragowa ce. Duk shekara yakan zo gidana a Gusau da 'yar tsarabarsa, ya yi mata addu'a har da hawaye. Ni kuma in ce amin, ban taɓa gaya masa gaskiyar ba. Ina ƙaunar tsohon nan, ganinsa kuma yana tayar mini da hankali.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga yau, da ake sayar da kafson nan ɗaiɗai a faranti kamar alewa, mai ciwon kai ya sha, mai kaji ya zuba musu a ruwa, likitoci na kukan ya daina ci. Na san ta. Cewa za ta yi Allah ya kawo sauƙi, talaka ya samu.

Bana Malam Garba ya tarar da matata tana tari. Ya laluba aljihu ya fito da rabin maganin da aka rubuta masa na ciwon mafitsara, zai ba ta.

Na naɗe masa yatsunsa a kan maganin, na ce, "Baba, don Allah shanye abinka."

Ya dube ni da mamaki. "Ba a maida hannun kyauta baya, ɗana. Haka marigayiya tay yi mani."

Abin da ta bari ke nan, ya yi rai har ya haihu. Na rasa yadda zan hana shi ba tare da na gaya masa abin da kyautar ta ci ba. Na gaya masa. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.