Kunamar Adakar Kakanmu

Shekaru sun tura, na manta sunayen rabin 'yan ajinmu, na manta har launin ƙofar gidan da na fara zama bayan aure. Amma yinin da na durƙusa a zauren gidanmu na Daura ina ƙirga ƙafafun wani ƙwaro da bai wuce ƙwayar gero ba, wannan kam ba na jin zai bar raina har in koma ga Allah.

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu ne, gari ya ɗauki zafin gyara. Gida-gida ana kwance layu da guraye, ana tone abin da aka binne a bakin ƙofa. Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, ina karanta ilimin halittu, na dawo hutu a ƙarshen damina ina ji da kaina kamar ni na kawo boko ƙasar Hausa. Babanmu mai gyaran agogo ne a kasuwa, sai dai a lokacin ya daina fita, don yanar ido ta fara rufe masa gani, hannunsa kuma ya soma rawa. Yayanmu, ɗansa na fari, bai daɗe da dawowa daga karatu a Kano ba. Allah ya sani ba mugu ba ne, mutum ne mai son gaskiya, amma gaggawarsa ta fi haƙurinsa yawa.

Sunan kakanmu aka sa wa Yaya, shi ya sa Baba ke ce masa Babana, ni kuma Uwata. Ga kunyar ɗan fari a kai. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya dube shi ido cikin ido ba, balle ya yi musu da shi. In yana da magana da shi, ni zai gaya wa, ko da Yaya na tsaye a wurin.

Kaka ya rasu tun kafin a haife mu, kuma bai bar gona ko shanu ba. Abin da ya bari adaka ce ta katako cike da takardun da ya rubuta da hannunsa, wasu a cikin gafaka ta fata, wasu an ɗaure su da tsumma. Baba bai yi zurfi a karatu ba, tun yana yaro aka kai shi koyon sana'a, saboda haka ba ya iya warware rubutun. Duk da haka kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai ya fito da su inuwa su sha iska, ya shafa su, ya mayar. Babu hoton Kaka ko ɗaya a duniya. Takardun nan su ne kawai abin da ya rage wa Baba na ubansa.

Ran wata Alhamis bayan azahar Yaya ya ce zai duba abin da ke cikin adakar. Ya jawo ta tsakiyar zaure, ya kwance ɗauri na farko, sai ga wasu ƙananan abubuwa jajaye-jajaye suna fitowa daga tsakanin takardu, suna gudu da baya, hannayensu a buɗe. Ya yi tsalle ya koma gefe yana a'uziyya.

"'Ya'yan kunama ne!" in ji shi. "Ku duba, an karya musu ƙari, yadda masu wasa da kunama ke yi a kasuwa. Wane malamin kirki ne zai ɗaure kunama ya zuba a cikin littafi? Wannan aikin tsibbu ne. In na dawo daga la'asar zan fita da su bayan gari in cinna musu wuta, kowa ya huta."

Na dubi Baba. Yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu. Na ga dai yatsunsa sun tsaya a kan ƙwaya ɗaya ba su ƙara gaba ba. Ni da nake taƙama da boko, gaskiya ni ma kunama na gani. Sai da Yaya ya fita sannan Baba ya yi gyaran murya.

"Uwata, ɗauko mini gwangwanin kayan aikina. Ki haɗo da farin faranti da gashin kaza ɗaya."

Ya laluba cikin gwangwanin ya fito da ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Ya sa a nasa idon, ya daɗe yana sunkuye a kan farantin da na ɗora ƙwaron, sannan ya cire ya miƙo mini. "Hazo kawai nake gani," in ji shi. "Ke za ki duba, ni in tambaya." Har yau ina tuna yadda ya faɗi wannan maganar, ba ƙorafi ba komai.

Da na maƙala gilashin na sunkuya, sai ɗan ɗigon nan ya cika mini ido. Na fara zuba masa turancin makaranta, ya ɗaga hannu. "Ajiye wannan tukuna. Ba a cewa agogo ya lalace sai an ƙirga kayan cikinsa. Fara daga gaba. Me kika gani?"

Na ce hannaye biyu, dogaye, sun fi jikin tsawo, kowanne da baki kamar awartaki. Ya ce yatsu nawa a bakin? Na ce biyu, ɗaya na motsi, ɗaya a kafe, kuma akwai wasu siraran gasu dogaye a jikinsu da ke rawa in na yi numfashi. Ya ce ƙafafu fa? Na ƙirga na ce shida. Ya ce in sake. Na sake, sai ga takwas, ashe biyu sun ɓuya a ƙarƙashin hannayen. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Malamar makaranta ke nan." Na ga ido biyu ƙanana a gefen kai, sai na wuce zuwa ciki, mai faɗi, shimfiɗaɗɗe, an yanka shi gaɓa-gaɓa, da wani siririn layi da ya raba gaɓoɓin biyu ta tsakiya. Na ƙirga su sau uku ina samun goma sha ɗaya.

"To, yanzu ga aikin," in ji Baba, ya matso har ina jin ƙanshin man da yake sa wa agogo, wanda bai taɓa barin rigunansa ba. "Duk abin da aka cire wa agogo, sai ya bar gurbinsa. Ko ramin kusa, ko karce, ko wurin da launi ya bambanta. Ɓarawon kaya bai taɓa ɓoye mini wannan ba. Je ki ƙarshen cikin, inda wutsiya za ta zauna. Akwai gurbi?"

Na juya ƙwaron da gashin kaza, na duba ta sama, na duba ta ƙasa. Ƙarshen a kewaye yake, sumul, da 'yan gajerun gasu a jere, babu miki, babu tabo, babu ko alamar inda wani abu ya taɓa maƙalewa. Na gaya masa. Ya ce ɗaya ba ya isa shaida, in kamo wani. Na kamo bakwai, har da ƙanana farare da ba su gama yin launi ba, duk haka suke. Ta ƙarshe ma na ga wata 'yar jaka a manne a ƙarƙashin cikinta, cike da ƙwai. Baba ya sa na rubuta komai a littafin makarantata, na zana hoton gaba da baya. Ban san lokaci ya tafi ba sai da muka ji sallamar Yaya, ashana a hannunsa.

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwata, ki ce wa Babana ya ɗan duba kafin ya tafi da su."

Yaya ya karɓi gilashin don kunya kawai. Na nuna masa ƙarshen cikin, na nuna masa ƙananan, na nuna masa mai ƙwai. Ya ce wa ya sani, ƙila tun a ƙwai aka ɗaure su. Yana cikin faɗin haka sai idonsa ya koma kan takardun. Wani farin ƙwaro, irin masu cin takarda, ya biyo gefen shafin da ke gabansa, ɗaya daga cikin jajayen nan ta miƙa hannu ta cafke shi ta kai baki. Yaya ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, a hankali, "Ashe su ke cinye masu cin littafin."

Tun da idonsa na kan shafin, sai ya fara karantawa. Hukuncin alwala ne. Ya buɗe wani, rabon gado. Wani kuma addu'o'in safe da yamma ne da shi kansa yake koya wa mutane. Ya bi ɗaurin nan ɗaya bayan ɗaya, kunnuwansa kamar za su faɗi don kunya, har ya zo kan wani ɗan rubutu a gefen shafi, da tawada daban, da ajami. Ya karanta a fili: "Yau Talata da hantsi, ana ruwa, Allah ya ba ni ɗa namiji. Ya Allah ka ba shi ido mai ganin gaskiya da hannu mai amfani." Sai sunan Baba a ƙasa.

Baba ya fi shekara talatin yana shafa wannan takarda bai san abin da ke gefenta ba. Ya miƙa hannu yana lalube, Yaya ya kama yatsansa ya ɗora a kan layin. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba a gidanmu. Baba ya ɗaga fuska ya fuskanci ɗansa na fari, ba tare da ya bi ta kaina ba, ya ce, "Sake karanta mini, Babana." Yaya ya sake karantawa. Ni kuwa na fake da tattara faranti na shige cikin gida na sha kukana.

Da na koma kwaleji na kai wa malaminmu zanen da bayanin. Ya ce ba kunama ba ce, 'yar uwarta ce ta nesa, ba ta da wutsiya tun asali kuma ba ta cutar da mutum. Ya ce irinsu na da yawa, ana bambanta su ne da yawan ido, da rabewar gaɓoɓin ciki, da inda kowane dogon gashi ya tsiro a kan yatsun, kuma gilashin agogo ba zai kai ga wannan na ƙarshe ba. Ya tambaye ni wa ya koya mini bin jikin halitta daki-daki haka, na ce mai gyaran agogo. A littattafai, in ji shi, kunamar ƙarya ake kiranta. Da na kawo wa Baba sunan sai ya girgiza kai ya ce, "Ita ba ta ce wa kowa ita kunama ce ba. Mu muka ɗora mata."

Damina biyu Baba ya ƙara a duniya. Adakar tana wurin Yaya yanzu, ya yi furfura, kuma duk wanda ya kusance ta da maganin ƙwari zai ga ɓacin ransa. Gilashin yana wurina. Duk shekara in ruwa ya ɗauke nakan je Daura mu fito da takardun inuwa, in maƙala shi a ido in sunkuya. Suna nan, jikokin jikokin waɗancan, suna gudu da baya. Nakan ƙirga ƙafafun duk da na san takwas ne, ina jan lokaci, don wani ɓangare na zuciyata bai daina jiran a ce mini in sake ba.

Abin da yinin nan ya koya mini shi ne kada in yanke wa abu hukunci daga tsaye. In durƙusa, in ƙirga, in nemi gurbi kafin in ce an cire wani abu ko an ɓata shi. Da ashanar nan ta riga gilashin, da Baba ya koma ga Allah bai taɓa jin addu'ar da ubansa ya yi masa ba. Yau ni ke tambayar ɗalibaina me suka gani, amma da zan samu, da na ba da duk abin da na sani don in sake jin wannan tambayar daga bakinsa sau ɗaya.